Junju: kifin da ke kwana cikin busasshiyar laka

Wanda ya taso daga Gaya ya yi arewa, ya bar kogin Kwara bayanshi, ya ratsa ƙasar Bengu da Bana da Yelu, zai iso Junju bayan tafiyar da ta kai kilometir 80 ko fiye. A takardun gwamnati ana rubuta sunan garin Dioundiou. Iyakar Najeriya tana gabas, ba nisa. Kangiwa ta jihar Kabi tana can ƙetare, Argungu kuma gaba da ita. A zamanin daular Usmaniyya ana lissafa Junju cikin garuruwan da ke bin Gwandu. Da can tana ƙarƙashin Gaya. A shekarar 2011 anka ba ta nata mulki, anka haɗa mata Zabori da Karakara.

Garin yana zaune bakin Dallol Mawri. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Mawri kuma shi ne sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa da shi. Wanga kwari tsohon gulbi ne. Shekaru dubbai da sunka wuce ruwa yana gudu cikinshi daga arewa, ya biyo ta Dogon Dutsi, ya sauka har Kwara. Gulbin ya mutu, amma bai tafi da ruwanshi duka ba. Ruwan ya koma ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa a tudu mai ginar rijiya ke shan wahala, a fadama kuwa kamu kaɗan sai ruwa. Can kudu, wajen Bana, Dallol Foga mai gishiri ya zo ya haɗu da shi, sunka nufi kogi tare.

Baƙon da ya zo da rani abu biyu zai fara gani. Na farko giginya, tsaye tsaye har iyakar ganin ido. Daga gare ta ake samun azara da muruci. Na biyu rake. Raken Junju ba ya bukatar talla, motoci ke ɗaukar shi zuwa Doso da Yamai. Bayan su ga rogo, ga dankali, ga shinkafa a wuraren da ruwa ke kwanciya, ga garake na albasa da tumatir. Ga kuma garken shanu na saukowa daga tudu da hantsi, suna neman mashaya.

Abin da baƙo ba zai lura da shi ba shi ne kifi. Junju ba garin Sarkawa ba ne kamar Dole ko Gaya. Amma kwarin cike yake da tabkuna. Waɗansu suna riƙe ruwa shekara duka. Waɗansu suna kai wa tsakiyar ɗari su ƙafe. Waɗansu kuwa ƴan kududdufai ne, wata biyu ko uku sun gama. Manomi yana kallon su wurin shuka. Makiyayi yana kallon su wurin shayar da bisashe. Mai gini yana kallon su wurin yin tubali. Duka ukun suna da gaskiya. Sai dai akwai masu gida na huɗu, waɗanda ba su zuwa taron gari.

Tabkin da ya ƙafe ba kango ba ne

Kowa ya san gaiwa. Idan ruwa ya fara janyewa, ba ta gudu. Sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, wutsiya bisa kai. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata riga. Ta bar ƴar kafa guda wadda iska ke shiga, don gaiwa tana da huhu kamar na dabbar tudu. Haka za ta kwanta wata shida ko bakwai, ba ci ba sha. Mutane na cewa gaiwa jikinta take ci. Maganar gaskiya ce, don tsokar jikinta ce ke narkewa sannu sannu tana riƙe ta. Masana sun ajiye gaiwa cikin busasshiyar laka fiye da shekara, anka zuba ruwa ta tashi.

Tarwaɗa ita ma tana da tata dabara. Cikin kanta akwai wani abu kamar reshen itace wanda take shaƙar iska da shi. Shi ya sa take daɗewa cikin taɓo, kuma daren da anka yi ruwa tana iya jan ciki bisa ciyawa daga wani tabki zuwa wani.

Waɗanga biyu manya ne, ana cin su, don haka an san su. Akwai wani ƙarami wanda dabararshi ta fi tasu ban mamaki. Tsawonshi bai wuce ɗan yatsa ba, santimetir 4 ko 5. Namijin yana da ado, ɗigon ja bisa jiki mai sheƙi. Macen ba ta da ado. Yana zama cikin kududdufin ruwan sama, wanda ba ya haɗe da kogi ko kaɗan. Da ruwa ya sauka ya cika wurin, sai ga ɗiyan kifi. Cikin ƴan makonni sun girma. Sai su yi ta zuba ƙwai cikin lakar ƙasa, kullum, har ranar da ruwan zai ƙare. Ruwan ya ƙafe, iyayen su mutu duka, balbela da yara su tsince su. Ƙwan kuwa yana nan cikin laka. Rana ta gasa wurin, ƙasa ta tsage, shanu su taka, ƙwan yana barci. Sai wata damana.

Daga nan ne zancen nan ya fito, wai kifi yana faɗowa daga sama tare da ruwa. Wanda ya faɗi haka ba wawa ba ne. Ya ga wuri busasshe ƙayau, ya dawo ya iske kifi, ba gulbi kusa. Amma kifin daga ƙasa ya fito.

Irin wanga kifi yana cikin kududdufan ƙasashen hatsi da dawa, tun daga Gambiya har tabkin Cadi. Abincinshi ƙananan halittun ruwa ne, har da tsutsar sauro. Wani ɗan'uwanshi na ƙasar Zimbabuwe da Mozambik yau yana cikin ɗakunan bincike na Turai. Da shi masana ke nazarin tsufa, don cikin ƴan watanni yake yin ƙuruciya, ya manyanta, ya tsufa.

Yadda ake raɗa wa kifi suna

A shekarar 1928 wani masani Bajamushe, Ernst Ahl, ya duba waɗansu ƴan kifaye da anka kamo a rafin Kiyawa, wajen ƙasar Katagum a arewacin Najeriya. Ya ga ba su cikin littafi. Ya rubuta kamanninsu, ya sa musu suna kiyawensis, watau na Kiyawa. Sunan garin Hausa ke nan ya shiga littattafan duniya ta hanyar kifin da ko kasuwa ba a kai shi. Shekara da shekaru ana ɗaukar duk masu kama da shi iri ɗaya ne. A 2013 wani masani ɗan Italiya, Stefano Valdesalici, ya sake jera su ya gwada. Ya nuna cewa waɗanda anka kamo cikin ƙasar Nijar, a kwarin kogin Kwara, iri ne dabam. Ya sa musu Pronothobranchius chirioi, don girmama Laurent Chirio, wani Bafaranshe mai binciken macizai da ƙadangaru wanda ya yi aiki a ƙasar nan.

Sunan yana da wuyar faɗi, kada mai karatu ya damu. Abin lura shi ne shekarar. Kifin yana nan tun kaka da kakanni, yara suna wasa da shi cikin ƙwarya, amma sai 2013 ya samu shiga rajista.

Wagga rajista tsohuwa ce. Wani masani na ƙasar Suwidin, Linne, shi ya kafa ta ga dabbobi a 1758. Kowace halitta sunanta biyu da harshen Latin. Na farko sunan zuriya, na biyu sunan kanta. Kamar a ce gidan su wane, sa'annan wane. Amfanin haka shi ne masanin Yamai da na Sin da na Amurka su san kifi guda suke zance, ko da ba su jin harshen juna.

Ba a raɗa sunan da ka. Sai an kamo kifin, an rubuta wurin da ranar. A auna tsawonshi da faɗinshi. A ƙirga ƙayoyin fiffikenshi ɗaya ɗaya. A ƙirga ɓawon jikinshi daga kai zuwa wutsiya. A duba haƙora da gashin baki. A zamanin yanzu har ana yankar ɗan ƙaramin nama a karanta ƙwayar halittar da ya gada. Sa'annan a gwada shi da duk danginshi da anka riga anka sani. Idan ya bambanta, a buga bayanin kowa ya gani. Kifi guda kuma a sa shi cikin kwalba da ruwan magani mai hana ruɓewa, a ajiye a gidan tarihi. Shi ne shaida. Ko bayan shekara 100 wani ya yi gardama, sai a ɗauko kwalbar.

Masunta ma suna da tasu rajista, ba a takarda ba. Bakabe ko Basarke zai lissafa karfasa, giwan ruwa, ragon ruwa, ramboshi, bargi, yauni, tsage, ƙawara, minjirya, kurungu, ba tare da ya numfasa ba. Ya san inda kowane ke kwana da watan da yake ƙwai. Masanan da sunka yi aikin kirki a kogin nan da su sunka zauna. Jacques Daget, wanda ya buga littafin kifayen Kwara ta sama a 1954, shekaru ya yi cikin masuntan ƙasar Mali. Amma wani wuri rajistar biyu ba su daidaita ba. Abin da ake kira tarwaɗa a kasuwa, a littafi manyan iri biyu ne. Ido ba ya raba su da sauƙi. Sai an buɗe kunnen kifin, an ƙirga waɗansu ƴan haƙora da ke jere ciki kamar mataji. Ɗaya nata sun fi yawa. Kurungu kuwa ya fi haka. A Afirka irinshi ya wuce 100. A kwarin Kwara baki ɗaya, kifin da anka rubuta ya wuce iri 200.

Inda rajistar masunta ta fi rauni shi ne wajen ƙanana. Abin da bai cika tukunya ba, sai a tara shi a ce ƴan kifi, ko rajiya. Ba laifinsu ba ne. Mai iyali abin miya yake nema.

Wani ɗan kifi na ƙasashen duwatsu

Labarin ba na Nijar kaɗai ba ne. Akwai wata zuriyar ƴan kifaye da Faransawa ke ce wa losh. Siriri ne, tsawon yatsa, da gashin baki guda 6. Yana ɓoye ƙarƙashin duwatsu cikin ƙoramu masu gudu da ruwa garau. Babu shi a Dallol Mawri, babu shi a Kwara. Gidanshi ƙasashen Asiya ne, su Indiya da Sin da Iran da Turkiyya, da kaɗan a Turai. An rubuta irinshi fiye da 600, kuma kowace shekara sai an ƙara sababbi.

A Afirka duka, wagga zuriya ta masu zama ƙorama a Habasha kaɗai anka same ta. Na farko an kamo shi wajen tabkin Tana. George Boulenger, wanda ke aiki a gidan tarihi na London, ya sa mishi suna a 1902. Na biyu sai 2013, shekara guda da namu, lokacin da masana biyu na Rasha sunka bayyana shi daga kudu maso yammacin Habasha, sunka kira shi kaffa, sunan yankin.

Abin da ya haɗa losh da ɗan kifin kududdufi shi ne ƙanƙantar gida. Da yawa cikin losh ƙorama guda sunka mallaka, ko kogo guda. A tare ƙoramar da madatsa, ko a kwashe duwatsunta don gini, ko laka ta rufe su, shi ke nan iri ya ƙare a duniya. Akwai waɗanda anka raɗa wa suna gidansu na cikin lalacewa. Shi ya sa masana ke gaggawa. Hukuma ba ta iya hana a taɓa abin da ba ya cikin takarda. Ko gona ce, wadda ba ta da shaida ita ake fara cinyewa.

Abin da ke cin tabkuna

A Junju babban abokin gaba rairai ne. Tudun da ke gefen kwari da can yana da sabara da geza da kalgo. Mutane sun ƙaru, gonaki sun hau tudu, an sare itace. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwa a Nijar, wajen milimetir 800 a shekara, kuma yakan zo da ƙarfi. Idan ya faɗi bisa ƙasa tsirara, sai ya yanka kwazazzabo, ya kwaso rairai ya juye cikin fadama. Tabki ya cike sannu sannu. Ƙwan da ke cikin laka ya binne ƙarƙashin rairai kamu guda, ba zai ƙara fitowa ba. Gonar rake ma haka take mutuwa. A nan manomi da kifi ciwonsu ɗaya.

Na biyu maganin ƙwari. Mai garka ya gama feshi, ya je bakin tabki ya wanke tulun feshin, ya zubar da saura. Tabkin ba ya gudu, ba inda dafin zai tafi. Ɗiyan kifi su fara mutuwa, sa'annan kwaɗi. Da marece kuma shanu su zo su sha, yara su yi wanka. Wanga aiki ba shi da uzuri. Bokiti guda na ruwa, a wanke nesa da tabki, ya isa.

Na uku sange. An raba shi don sauro, waɗansu sun mai da shi taru. Idonshi ƙanana ne, ba abin da ke tsira, har ɗan da bai kai ƙwayar hatsi ba. Wanda ya ja sange cikin tabki a farkon damana ya ci kifin kaka tun yana jinjiri. Dokar su ta ƙasa, tun wadda anka yi a 1998, ta hana kamun kifi da guba ko abin fashewa, kuma ma'aikatan gandun daji ke duba girman idon taru.

Sai kacalla, ciyawar nan mai tsawo da ke cinye bakin ruwa har ta rufe shi, tsuntsaye masu cin hatsi su samu masauki. Sai ginar tubali a tsakiyar kududdufi, inda ƙwai ya fi yawa. Sai injin ban ruwa, wanda ke iya shanye ƙaramin tabki kafin lokacinshi.

Akwai wani abu kuma mai kama da alheri. Ma'aikata sukan kawo ɗiyan karfasa da tarwaɗa, wani lokaci har giwan ruwa, su zuba cikin tabkuna don gari ya samu kifi. A babban tabki mai riƙe ruwa, aiki ne mai kyau, ya ciyar da gidaje da yawa. Amma ba kowane ruwa ya kamata a zuba wa ba. Ɗan kifin kududdufi ya zaɓi wurin da ke ƙafewa ne don manyan ba su iya zama can. A haƙa wurin ya yi zurfi, a sa mishi mafarauta, an kore shi ke nan. Ƙwanshi ma yana son lokacin bushewa kafin ya ƙyanƙyashe.

Duniya ta san darajar kwarin. A 1971 ƙasashe sunka taru a garin Ramsar na Iran, sunka yi alkawarin kiyaye fadamu da tabkuna. Nijar ta shiga a 1987. A 2004 anka rubuta Dallol Mawri cikin jerin, fili fiye da hekta dubu 300, tare da Dallol Boso. Rubutun bai hana noma ba, bai hana kiwo ba. Cewa ya yi a ci amfani yadda ba za a kashe wurin ba. Amma takardar da ke Yamai ba ta tare rairai. Masu tare shi su ne waɗanda ke jera duwatsu a gonar tudu, da masu barin sabara da kalgo su tofo lokacin sassabe, da masu barin ciyawa taki kaɗan kewaye da ruwa.

Mutanen yankin sun riga sun gwada irin wanga aiki da giginya. Lokacin da sara ya yi yawa, daga shekarun 1990 anka sa ƙauyuka cikin tsaron ta, da kwamitoci da rabon kuɗin azara. Inuwar giginya na nesa ka sha, in ji masu magana, amma tun da na kusa sunka fara samun rabonsu sunka sa ido. Tabki ma yana da masu shi. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo, inda mai gari da manomi da makiyayi ke zama tare. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙarfafa haƙƙin bisashe na isa ga ruwa. A irin wanga zama ne ake iya yanke cewa ga mashaya, ga burtali, ga wurin tubali, ga kuma kududdufi ɗaya ko biyu da za a bari yadda Allah ya yi su. Tsofaffi sun san hana su har sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe. Argungu da haka ta riƙe Matan Fada, har bikinta da anka fara a 1934 ya yi suna a duniya.

Dattawan kwarin sun ga farin 1973 da na 1984. A 1985 kogin Kwara da kanshi ya tsaya da gudu a Yamai. Gaiwa da ƴan kifin laka sun ƙetare waɗanga shekaru duka, don lakarsu tana nan ba a taɓa ba.

Makiyayi ya fi kowa sanin kududdufan daji, don ƙafarshi ta taka su duka. Ya san wanda ke fara cika, da wanda ke yin kifi ba tare da gulbi ba. Wanda ya koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci yana iya ajiye wanga sani: sunan wurin, watan da ya cika, watan da ya ƙafe, kamannin kifin da ya gani. Ya kai wa ma'aikacin gandun daji na Junju. Da irin wagga ƴar takarda masu bincike daga jami'ar Doso ko ta Yamai ke sanin inda za su nufa. Lokacin dubawa shi ne wata guda bayan kududdufi ya cika, da sassafe kafin shanu su dama ruwan. A sa farar ƙwarya a kamfato daga gefen ciyawa, a bari ya kwanta, a duba. In an gama a mai da ruwan inda anka ɗebo shi.